Masu Awon Dafi a Gonakin Audugar Jazira

A shekara ta 1903 abubuwa biyu suka faru waɗanda a lokacin ba wanda zai ce akwai dangantaka tsakaninsu. A watan Yuli sojojin Ingila suka ci garin Burmi, can wajen kogin Gongola, suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya tsira, ya ci gaba da tafiya gabas tare da sauran jama'a, Fulani da Hausawa, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu cikin ƙasar Sudan wajen 1906. Garin da suka kafa kudu da Sannar yana nan har wa yau, ana kiransa Mai Wurno. A cikin shekarar nan ta 1903 kuma, a birnin Kartum, aka buɗe ɗakunan gwaje-gwaje cikin ginin Kwalejin Gordon, da kuɗin wani attajiri mai sana'ar magunguna, Henry Wellcome. Likita Andrew Balfour ne shugabansu na fari. Ba da daɗewa ba aka kawo wani masanin sinadarai, William Beam, wanda ya shiga aikin auna ruwan Nilu da ƙasar noma ta yankin.

Zuriyar waɗancan baƙi da magadan aikin Beam sun gamu daga baya a wuri ɗaya, wato gonakin auduga na Jazira. Na farkon suna cikin masu cirar audugar, masu shan ruwan da ke bi ta cikinta. Na biyun su ne suka ɗebi ruwan, da kifin, da jinin ma'aikatan, suka auna abin da ke ciki.

Jazira da Larabci tsibiri ke nan. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai baƙar laka tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, kudu da Kartum, yana da ɗan gangare kaɗan wanda ya isa ruwa ya bi shi da kansa ba tare da inji ba. Masaƙun Lankasha a Ingila suna bukatar auduga mai dogon zare. Saboda haka aka gina madatsar ruwa a Sannar, aka gama ta a 1925, aka haƙa hanyoyin ruwa manya da ƙanana, aka yanka filin gona gona. Gwamnati ke da ruwa, kamfanin Sudan Plantations Syndicate ke lura da aiki, manomi mai riƙe da gona kuwa yana samun kashi 40 cikin 100 na ribar auduga. A 1950 gwamnati ta karɓi aikin kamfanin ta danƙa wa Hukumar Jazira, mai hedkwata a Barakat kusa da Wad Madani. Sa'ad da aka ƙara yankin Managil tsakanin 1958 da 1962, filin duka ya kai wajen fadan miliyan 2. Fadan ɗaya ya ɗan ɗara eka ɗaya.

Auduga tana cin hannu ƙwarai, mai gona da iyalinsa ba su isa su cire ta ba. Ga kuma mahajjata daga ƙasar Hausa da Borno suna tafe da ƙafa ta hanyar Cadi da Darfur, guzuri ya ƙare, suna neman aikin da za su tara kuɗin jirgin ruwa zuwa Jidda. Da yawa sun yi aiki a ginin madatsar Sannar, da yawa kuma suka zauna cirar auduga shekara guda, ta koma biyu, ta koma goma. Mutanen Sudan suna haɗa su duka su kira su Fallata ko Takari. Wani masani ɗan Ghana, Bawa Yamba, ya zauna cikin ƙauyukan Hausawan Jazira, ya kuma nuna cikin littafinsa na 1995 cewa har jikokin da aka haifa a can suna lissafta kansu mahajjata ne da ke kan hanya. A shekarun 1930, da farashin auduga ya faɗi, masu gona da yawa suka watsar da gonakinsu, sai kamfanin ya ba waɗansu baƙin nan gonakin. Amma dokokin zama ɗan ƙasa na 1948 da 1957 sun bukaci mutum ya nuna cewa kakanninsa suna Sudan tun ƙarshen ƙarni na 19, wannan kuwa ya rufe ƙofa ga yawancinsu. Suka zauna a matsayin 'yan ƙodago da masu noman raba-daidai. Waɗansu suna da ƙauyukansu, waɗansu kuwa suna cikin sansanonin da ake kira kambo, jam'insa kanabi, tare da mutanen Darfur da Kordofan da Cadi.

Ya kamata mai karatu ya riƙe inda kambo yake, gama sauran labarin ya rataya a kan wannan. Ana kafa shi a gefen gona, a bakin hanyar ruwa, a kan filin da ba na mazaunansa ba. Tun da yake hukuma ba ta lissafta shi cikin ƙauyuka ba, sau da yawa ba rijiyar burtsatse, ba makaranta, ba ɗakin shan magani. Ruwan hanyar da ke shayar da auduga shi ne na sha, da na wanka, da na wanki, da na awaki.

Zuwan feshi

A 1939 Paul Müller, ma'aikacin kamfanin Geigy a Basel ta ƙasar Suwizalan, ya gano cewa sinadarin da ake kira DDT yana kashe ƙwari ko da ɗan kaɗan ne. An yi amfani da shi a yaƙin duniya na biyu a kan ƙwarƙwata da sauro, ya ceci rayuka masu yawa, aka ba Müller lambar Nobel a 1948. Tun a 1945 aka soma fesa shi a kan audugar Jazira. Abin da ake nema a kashe shi ne wani ɗan koren ƙwaro mai tsalle, jasid, wanda ke tsotsar ganye har ya naɗe ya yi ja. Wani kamfanin Ingila mai suna Pest Control ya fara aikin da tarakta, sa'an nan aka koma jirgin sama. Kafin tsakiyar shekarun 1950 kusan dukan audugar Jazira ana fesa ta sau ɗaya a shekara, amfanin gona kuwa ya ƙaru yadda kowa ya gani da idonsa.

Babu dalilin zargin mutanen wancan lokaci da mugunta. DDT ba ya kayar da mutum nan take, soja ma an barbaɗa masa shi cikin riga. Aibinsa yana wani wuri dabam. Ba ya ruɓewa da sauri cikin ƙasa, yakan yi shekaru. Ba ya narkewa cikin ruwa amma yana narkewa cikin kitse, don haka jiki ba ya fitar da shi da fitsari, sai ya ajiye shi. Ƙaramin kifi ya ci ƙwaron ruwa, babban kifi ya ci ƙarami, tsuntsu ko mutum ya ci babban, kowane mataki dafin yana ƙara taruwa. Uwa mai shayarwa kuwa tana fitar da kitsen jikinta cikin nono. A 1945 ba wanda yake da na'urar da za ta nuna wannan sosai. An fi shekara goma ana feshi kafin a ƙera ta.

Yadda ake ganin abin da ido ba ya gani

A wata cibiyar binciken lafiya da ke Mill Hill a birnin Landan, Archer Martin da Anthony James suka fito a 1952 da hanyar rarrabe sinadarai da iska. Misalinta kamar a saki jama'a su bi ta tsakiyar kasuwa daga wannan ƙofa zuwa waccan. Wanda ba ya da abin saye zai fita da wuri, mai tsayawa kowace rumfa zai fita a makare. Ana allurar ɗan ɗigon abin da ake so a auna cikin wani dogon siririn bututu da aka naɗe cikin tanda mai zafi. Ɗigon ya zama tururi, iskar naitirojin ta tura shi. Cikin bututun an shafe shi da wani abu mai kama da mai, kowane sinadari yana manne masa gwargwadon halinsa, don haka kowanne yana da lokacinsa na fita.

Sauran aiki shi ne a sami mai tsaron ƙofa da zai gane mai fita. James Lovelock, a wannan cibiya, ya ƙera shi a 1957. Ɗan ƙaramin ɗaki ne da ba ya fi babban yatsa girma ba, a ciki akwai ƙarfe mai fitar da ƙwayoyin lantarki, suna gudana kullum ba yankewa. Sinadaran da ke ɗauke da kulorin, irin su DDT da daildirin da lindan, suna da kwaɗayin ƙwayoyin nan. Da zarar sun shigo sai su cafke su, wutar ta ragu, alƙalamin na'urar ya zana tsauni a kan takarda. Lokacin da tsaunin ya fito shi ke faɗin sunan dafin, girmansa kuma shi ke faɗin yawansa, in an gwada shi da na tsantsar dafin da aka riga aka san nauyinsa.

Ƙarfin ganin na'urar nan yana da ban mamaki. Kashi ɗaya cikin miliyan daidai yake da cokalin shayi guda cikin duro 25 na lita 200. Kashi ɗaya cikin biliyan kuwa cokalin nan ne cikin duro 25,000, na'urar Lovelock kuwa tana ganin wannan. Sa'ad da Rachel Carson ta buga littafinta Silent Spring a Amurka a 1962, gardama ta tashi ko gaskiya ne maganin ƙwari ya bazu ko'ina. Na'urar nan ce ta ba da alƙaluman da suka nuna shi cikin madara, da ƙwan tsuntsaye, da kitsen mutane, har da tsuntsayen yankin ƙanƙara na kudancin duniya inda ba a taɓa feshi ba.

Amma allurar ɗigon nan ita ce ƙarshen aiki. Kafin ta akwai wahalar kwana da kwanaki. Za a niƙa naman kifi, a jiƙa shi da wani ruwa mai narkar da kitse, a tace, a bi da shi ta cikin garin da ke riƙe ƙazanta, a ƙafar da shi har ya rage ɗan kaɗan. Kwalbar da ba a wanke sosai ba, ko murfin roba, ko ruwan jiƙon da ba tsantsa ba, kowanne yana iya zana tsaunin ƙarya. Saboda haka mai awo yakan bi dukan matakan nan da kwalbar da ba kome a ciki, domin ya tabbata ba hannunsa ne ya kawo dafin ba. Wannan horo na tsabta da haƙuri da ƙin yarda da sakamakon farko shi ne ainihin abin da malami ke koya wa ɗalibi a wannan fanni, ba ya kuwa koyuwa daga allo.

Wad Madani tana da gonar bincike tun 1918, ita ce ta zama hedkwatar Hukumar Binciken Aikin Gona ta Sudan a 1967. A can ne Ja'afar El Zorgani ya yi aikinsa na auna saurar maganin ƙwari. A tsakiyar shekarun 1970 ya buga sakamakonsa cikin mujallun kimiyya na duniya: saurar DDT cikin angurya bayan feshi, da cikin kifaye da tsuntsayen Jazira a 1976, da kuma, a wannan shekara tare da abokin aikinsa Musa, cikin jinin mutanen da aikinsu ya haɗa su da maganin. A 1979 ya auna kifin Tafkin Nubiya, can arewa a kan iyakar Masar, inda ba gonar auduga kusa, ya sami saurar a can ma. Zancen angurya ba ƙarami ba ne, gama daga gare ta ake matse man girki, tunkuzarta kuma ake ba shanu. Zancen kifi kuwa ya shafi Hausawa kai tsaye, domin su a Shuɗin Nilu, a tafkin Sannar da na Rusairis, sana'a ce da aka san su da ita, kamar yadda aka san su da gasa agashe a kasuwannin Sudan. Masunci shi da iyalinsa ke cin kifin da bai sayu ba, kullum.

Tsakanin feshin farko na 1945 da takardun nan na 1976 akwai shekara 31. Yaron da aka goya a bayan uwa cikin gona a shekarar farko ya riga ya zama magidanci kafin a sami mai auna jini.

Farin ƙuda

A cikin shekarun nan feshi bai tsaya a sau ɗaya ba. Bayan an gama madatsar Rusairis a 1966 ruwa ya ƙaru, aka faɗaɗa noman alkama da gyaɗa, filin da dā yakan huta ya bushe ya zama da ɗanyen ganye yawancin shekara. Tsutsar da ke huda ƙwallon auduga ta yi ƙarfi. Aka ƙara feshi, aka kawo sababbin magunguna. A shekarun 1970 Hukumar Jazira ta shiga wata yarjejeniya da kamfanonin magani, babbansu Ciba-Geigy, inda kamfani ke ɗaukar nauyin duba ƙwari da feshin babban yanki gaba ɗaya. Maganin da aka fi dogara da shi a nan shi ne monokurotofos. Kafin ƙarshen shekarun 1970 ana fesa auduga sau takwas ko tara a shekara.

Abin da ya biyo baya ya shiga littattafan koyar da aikin gona a duniya. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro, farin ƙuda, wanda dā ba a damu da shi sosai ba, ya cika gonaki. Yana tsotsar ganye ta ƙarƙashi inda feshin jirgi ba ya kaiwa da kyau, yana zubar da wani ruwa mai danƙo kamar zuma a kan buɗaɗɗiyar auduga. Auduga mai danƙo tana maƙalewa cikin injin gurza da injin kaɗi. Masu saye a Turai suka rage mata farashi. Amfanin gona ya faɗi ƙwarai wajen 1980, kuɗin feshi kuwa, wanda ake cirewa kafin a raba riba, ya zama ɗaya daga cikin manyan nawayar mai gona.

Masana suka rabu biyu a kan dalili. K. G. Eveleens, ɗan Holan, ya rubuta a 1983 cewa feshin ya hallaka ƙananan ƙwarin da ke cin farin ƙuda, ya bar masa fili. V. Dittrich da abokan aikinsa na ɓangaren Ciba-Geigy suka amsa a 1985 cewa farin ƙudan ya saba da magunguna ne, saurar DDT kuma tana ƙara masa haihuwa. Kowanne aka ɗauka, magani ne ya haifi annobar da ake sayen magani dominta. Wajen 1981 aka soke yarjejeniyar kamfanoni, aka hana fesa DDT a gonaki. Tun 1979 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da kuɗin ƙasar Holan, ta soma wani shiri tare da masanan Wad Madani, cikinsu har da Asim Abdurrahman, wanda ya ci gaba har 1996. Suka nuna a manyan filaye cewa in an jinkirta feshin farko, aka kuma ƙyale ƙwari su kai wani adadi kafin a taɓa su, abokan gabansu sukan dawo, feshi ya ragu da kusan rabi ba tare da amfanin gona ya ragu ba.

A nan akwai abin lura. Sudan tana da dokar magungunan ƙwari tun 1974, takardun El Zorgani kuma suna nan tun 1976. Duk da haka feshi ya ci gaba da hawa har sai da auduga ta yi danƙo. Ƙorafin masaƙa ya isa ofishin Barakat da sauri fiye da sakamakon awon jini, domin masaƙa tana iya ƙin saye, ɗan ƙodagon kambo kuwa ba ya iya ƙin cirar auduga, ba ya da kujera a ƙungiyar masu gona, takardar da ta ambaci irin jininsa kuma an rubuta ta da Turanci a mujallar da ba ta zuwa ƙauye.

Hana DDT ma bai kawo ƙarshen hatsari ba, ya sāke masa kama ne. Monokurotofos da danginsa ba sa daɗewa cikin ƙasa, amma suna kisa da sauri. Suna tsayar da wani sinadari na jiki wanda ke kashe saƙon jijiya bayan ya isar, sai jijiyoyi su yi ta aiki ba hutawa: miyau yana dalala, ƙwayar ido ta ƙanƙance, ga amai, ga rawar jiki, numfashi ya gagara. Awonsu dabam ne, ana duba ƙarfin sinadarin nan cikin jinin ma'aikaci kafin lokacin feshi da bayansa, maganin gaggawa kuwa allurar atirofin ce. Masu dama magani, da masu cika tankin jirgi, da masu riƙe tuta a bakin gona su nuna wa matuƙi layi, su ne a sahun gaba. Akwai kuma duron da aka juye, wanda a wurin da ba famfo yana da daraja ƙwarai don ajiye ruwa. Mutanen ƙasar Hausa da suka san fiya-fiya, ko suka ga an zuba Gamalin cikin kududdufi don kama kifi, ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan.

Hanyoyin ruwan sun kawo wani nauyi kuma. Ruwan da ke kwana cikinsu gidan sauro ne da katantanwar da ke yaɗa tsargiya. Aka yi ta zuba maganin katantanwa cikin ruwan, ana fesa bangon ɗakuna saboda sauro. Sauron Jazira ya daina jin DDT a farkon shekarun 1970, aka koma malatiyon, shi ma ya daina ji kafin shekarun su ƙare. Shirin Lafiya na Shuɗin Nilu, wanda aka soma a 1979 da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙarƙashin Ahmad Ayyub El Gaddal, ya rage zazzaɓin cizon sauro da tsargiya ƙwarai cikin shekara goma, ya kuma haɗa da samar da ruwan sha mai tsabta. Da kuɗin shirin ya ƙare wajen 1990 zazzaɓin ya komo da ƙarfi.

Maganin da ya rage

Sa'ad da aka hana magani ko ya tsufa, ba ya ɓacewa daga sito. Duro yakan yi tsatsa a rana, ya yoyo. Kusa da garin Hasahisa, arewa da Wad Madani, akwai wurin da mutane ke kira maƙabartar magungunan ƙwari, inda aka binne tsofaffin magunguna cikin rami mai siminti. Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ambaci wurin cikin rahotonta na 2007 a kan Sudan, a matsayin misalin hatsarin da irin wannan ajiya ke jawowa. Yarjejeniyar Istokholm ta 2001, wadda Sudan ta amince da ita a 2006, ta wajabta wa ƙasashe su ƙidaya irin waɗannan tarkace su kawar da su. Ƙidayar kuwa aikin mai awo ce, shi ne zai faɗi abin da ke cikin duron da takardarsa ta goge, da nisan da dafin ya yi cikin ƙasa zuwa wajen rijiya.

Masu yin wannan aiki daga ina suke fitowa? Kwalejin Gordon ta zama Jami'ar Kartum a 1956, sashenta na aikin gona yana Shambat, a 1979 kuma ta buɗe Cibiyar Nazarin Muhalli. An kafa Jami'ar Jazira a Wad Madani a 1975 da nufin karatu ya fuskanci matsalolin ƙauyukan da ke kewaye da ita, a can ne Nabil Hamid Bashir ya yi shekaru yana koyar da ilimin magungunan ƙwari da dafinsu. Hanyar da aka saba bi ita ce digiri na fari a gida, digirin dakta a Ingila ko Amurka ko Jamus, sa'an nan a komo a kafa ɗakin awo, a horar da ɗalibai. Wahalar tana wurin komowar. Na'urar tana bukatar wutar lantarki marar yankewa, da tukunyar iska tsantsa, da ruwan jiƙo da tsantsar dafin gwaji waɗanda sai an sayo daga waje da kuɗin waje. Daga ƙarshen shekarun 1970 albashin ƙasashen Larabawa masu mai ya kwashe malamai da yawa. A 1990 gwamnati ta buɗe sababbin jami'o'i barkatai, ɗalibai suka ninka, kayan aiki ba su ninka ba. Daga 1997 zuwa 2017 takunkumin Amurka ya sa sayen ɗan ƙarfen gyara ya zama doguwar tafiya. Ɗalibi yana iya gama karatu ya zana na'urar a jarrabawa daidai, bai taɓa yi mata allura ba.

Duk da haka aikin bai mutu ba. A 2015 Azhari Umar Abdulbagi na Shambat, da Elbashir, da abokan aikinsu, har da El Zorgani kansa, suka buga sakamakon awon jinin mutum 96 daga wurare shida: Wad Madani, da Hasahisa, da Managil, da Alfau a yankin auduga, sai Kenana da Junaid a yankin rake. Sun sami DDE, da daildirin, da lindan, da saurar heftakulo a dukan wuraren, nauyin kuwa ya fi yawa a yankin auduga. DDE shi ne abin da DDT ke rikiɗa ya zama cikin jiki. In mai awo ya ga DDE da yawa, DDT kaɗan, ya san tsohon feshi yake gani. Wato fiye da shekara 30 bayan hani, jinin mutanen Jazira yana ɗauke da shaidar abin da aka fesa tun zamanin iyayensu.

Arewacin Nijeriya ta ga amfanin irin wannan sana'a a 2010, sa'ad da yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Zamfara masu haƙar zinariya. An zaci zazzaɓi ne ko sanƙarau, har sai da aka auna jininsu da ƙasar tsakar gidajensu aka sami dalma. Yara wajen 400 sun riga sun rasu.

A ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. A watan Disamba na wannan shekara RSF ta kama Wad Madani, aka washe Jami'ar Jazira da gine-ginen Hukumar Binciken Aikin Gona, malamai da ɗalibai suka warwatsu. A 2024 faɗan ya kai jihar Sannar, inda Mai Wurno take. Sojoji sun karɓe Wad Madani a ran 11 ga Janairu 2025, amma a cikin kwanakin nan aka far wa mazaunan kanabi bisa zargin goyon bayan RSF. A Kambo Tayba kaɗai ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙidaya aƙalla mutum 26 da aka kashe. Rumbun adana irin shuka na Wad Madani yana cikin wuraren da aka lalata, ma'aikatansa suka tsamo abin da ya rage, a watan Fabrairu 2025 aka kai irin dawa da gero da waɗansu ma'ajiyar Isbalbad ta ƙasar Norwe. Iri yana shiga ambulan a kai shi wata ƙasa. Ɗakin awo kuwa sai an sāke gina shi daga tushe, da tandarsa, da tukwanen iskarsa, da mutanen da suka san wanke kwalba. Abin da ya tsira daga aikin shekara 50 shi ne abin da aka buga. Duk wanda ya komo da na'ura ya ɗebi kifi daga komar masunci a Sannar, ko jini daga hannun mai cirar auduga a Managil, yana da alƙaluman 1976 da na 2015 da zai aza nasa kusa da su.